Malam Bitrus da Kalmar Dama

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Bitrus, abokina da muka koyar tare a wata firamare a Jigwada. Mutumin Mada ne. Da girmansa ya goge a Hausa, shi ya sa yake jin abin da mu 'yan gado ba mu ji a cikinta.

Kalmar dama ta fi ɗaure masa kai. Yakan tare ni a gindin mangwaro ya ce, ya aka yi kalma ɗaya ta zama hannu, ta zama izini, ta kuma zama zarafi? Ni ban taɓa tambaya ba. Shi a ganinsa daga hannun aka samo sauran, tunda da dama ake karɓa, da ita ake bayarwa. Ban san ko masana za su yarda ba, amma ni na yarda.

Shekarar da na sami gurbin ƙaro karatu, hedimasta ya ce ba zai sake ni ba sai an sami mai riƙe ajina. Ba a samu ba. Na ce wa Bitrus na haƙura, ba ni da dama.

"Malam Sani, kana da ita," in ji shi. "Wanda zai miƙo maka ne babu. To ga ni."

Ya haɗa ajina da nasa, ya yi ta fama da yara maƙil har na gama.

Yau da zai tsaya bakin titi da safe ya ga matasan Keffi suna cika motocin Abuja, kowa na cewa dama yake nema, na san ba zai yi musu tsiya ba. Sai dai zai tambaye su wa suka buɗe wa hanya kafin su fito.

Kwanan baya na je Sabon Gari gaida matarsa, Mama Rifkatu. Ta ce har ya rasu bai koma karatun da yake buri ba, kullum akwai wanda yake riƙe wa aji. Na tambaye ta ko abin ya dame shi. Ta yi dariya ta ce, "Ina! In an ambaci ɗayanku sai ya ce, wannan digirina ne."