Shekarar da Kawu Ya Ari Harshe

A unguwarmu ta Utaibiyya a Makka kaf, in ka cire limamin masallacinmu, babu wanda ake jin maganarsa kamar kawuna, shi ma limamin ranar Juma'a kawai yake fin sa. Kawu ba malami ba ne, ba kuma mai kuɗi ba. Tsohon direban bas ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawa da sauka tsakanin Makka da duwatsun da ke bayan Ɗa'ifa. A can ya saba da masu kiwon zuma, a can kuma ya kamu da ciwon da bai warke ba har yau, wato son farar zuma.

In ba ka taɓa ganin ta ba, kada ka kawo irin jar zumar da kake sa wa a koko. Wannan fara ce tas, mai kauri, in ta kwana biyu sai ta daskare kamar man shanu. Mutanen dutse majra suke ce mata. Kakarta gajera ce, furen da ƙudan ke bi ba ya jimawa, kuma kowace shekara da irin halinta. Kawu duk kaka sai ya ajiye kwalba guda. Ba ya rubuta komai a jiki, wai rubutu na marasa harshe ne. Ƙyalle yake ɗaura wa kowace a wuya. Ja, yankin tsohon shimag ɗinsa, mayafin nan da Larabawa ke sa wa a ka, shi ne shekarar ruwa. Kore, shekarar fari. Akwai mai ratsi ta shekarar da bas ɗinsa ta mutu a kan hawa ya kwana da birai. Akwai kuma mai shuɗin atamfa, wadda ta fi kowace daɗewa, ta shekarar da ya hau dutsen da matarsa, Allah ya jiƙanta. Daga zanenta ya yanki ƙyallen.

Kwalaben suna cikin wani kabad a ɗakin baƙi, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Ni da nake ɗan 'yar'uwarsa na taɓa kwana a falo ina zufa kamar ana tatsa ta, zuma na ciki tana shan iska.

Sau ɗaya a shekara, Juma'ar da ta biyo bayan zuwan sabuwar kwalba, dattawan unguwa sukan taru bayan la'asar. Dokokin zaman sun fi na filin jirgi tsanani. Ba a zuwa da turare a jiki. Ba a cin goro tun safe, ba a shan gahawa. Cokalin katako kawai, ƙarfe ba ya shiga. Tsakanin kwalba da kwalba sai ruwan ɗumi da ɗan gutsuren tamis, burodin nan namu na tanda, wanda ba a shafa masa komai ba. Sai a ɗaure wa Kawu ido da shimag, a miƙa masa cokali. Ya ɗora a harshe, ya yi shiru har ka ɗauka barci ya sace shi, sannan ya faɗi shekara, ya faɗi kwarin da aka ɗebo ta, wani lokaci har ya gaya maka mai amyar yana fushi da surukinsa a lokacin. Bai taɓa kuskure ba. Ni dai ban gani ba, kuma ni mutum ne mai neman kuskuren mutane da fitila.

Mai miƙa cokalin kullum mutum ɗaya ne, wani tsohon tela da kakanninsa suka zo daga Zazzau. Mu kuwa asalinmu Kano. To ka san abin da ke tsakani. Su biyun an haife su a nan, rabin maganarsu Larabci ne, babu wanda ya taɓa yin wata guda a ƙasar kakansa, amma wasan nan sun riƙe shi kamar gado. Kawu yana ce masa bawana, shi kuma yana cewa Bakano ba ya gane daɗi sai an gaya masa farashi. Burin Bazazzagin a duniya, bayan cikawa da imani, shi ne ya ga ranar da Kawu zai kira kore ja.

Sai ga shekarar da Kawu ya yi wata muguwar mura da zazzaɓi. Ya tashi lafiya, ya koma masallaci, ya koma faɗa da masu ajiye mota a ƙofar gida. Bazazzagin ma ya yi ta zarya da fulas ɗin shayi yana duba shi, yana cewa ya zo ganin ko gadon ya kusa. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Ana saura kwanaki kaɗan zaman, Kawu ya zo shagona a unguwar Aziziyya, inda nake sayar wa alhazai darduma da carbi da dabino. Bai taɓa zuwa ba, don ya ce dabinona da takalmin roba ɗanɗanonsu ɗaya. Ya jira wata hajiya ta gama yi mini ciniki kamar za ta sayi shagon, ta tafi da carbi guda, sannan ya ja kujera. Ya ɗauki dabino ɗaya ya tauna, ya ce yana da daɗi. Nan na san akwai magana.

Ya ce mini tun ciwon nan bakinsa ya mutu. Zuma da ruwan famfo duk ɗaya. Ya buɗe sabuwar kwalba da asuba ya sa a harshe, ya ji kamar ya lashi bango. Ya ce bai gaya wa kowa ba, ko 'ya'yansa.

Na ce a ɗaga zaman mana, a ce likita ya hana.

Ya ce, “In na ɗaga, bawan nan zai gane. In na zauna na kasa, zai ba jikokinsa labari. Ni kuma in ba wannan zaman, me ya rage da ake zuwa gidana dominsa?”

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Sai na yi abin da na fi iyawa, na kawo dabara. Ni ne mai ɗauko kwalabe daga kabad, ni nake ganin ƙyalle. To, ja in yi tari. Kore in ja majina. Mai ratsi in ce wa wani ya matsa. Shuɗi in yi ajiyar zuciya, wadda ma ba sai na ƙirƙira ba. Kawu ya kalle ni ya ce shi ya sa uwata take yawan yi mini addu'a. Amma bai ce a'a ba. Muka yi ta gwaji a bayan shago har wani alhaji ya leƙo ya ba ni shawarar in sha citta.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Gwaggo. Wata 'yar'uwar su Kawu ce daga Kano, ta zo Umara ta sauka a gidan Kawu. Irin matan nan ne da ba su san baƙunta ba. Kwananta biyu ta wanke labule, ta kankare tukwane har suka rame, ta sauya wa kujeru alƙibla. In ka tsaya kusa da ita ba ka motsi, kai ma sai ta goge ka. Kamar yadda tsofaffinmu da yawa ke yi in sun zo, ta sayi farin yadi ta jiƙa shi da Zamzam ta shanya, ta ce shi za ta tafi da shi gida ta ajiye, likkafaninta na ranar tafiya. Da aka daidaita yadin, sai 'yan guntaye suka rage.

Ranar Juma'a dattawa suka cika ɗaki. An shimfiɗa ledar cin abinci, an kawo tamis da butar ruwan ɗumi. Bazazzagin ya ɗaure wa Kawu ido da kansa, ya ƙulle kamar yana ɗaure buhun gero. Ni kuma na buɗe kabad ina gyara maƙogwaro.

Kwalaben nan suna jere, an goge su suna ƙyalli. Kowace da farin ƙyalle a wuya, sabo fil, an ɗaure shi da kyau. Dukkansu. Kamar alhazai a Mina.

Na ruga ƙofar kicin. Gwaggo tana yankan kuɓewa, hankali kwance. Ta ce ta ga tsummokara masu ƙura a wuyan abinci, shi ne ta cire ta wanke, suna kan igiya. Ta ga guntayen yadinta sun sha Zamzam, ta ce albarkar ta fi dacewa da abin da ake sa wa a baki. Ta tambaye ni ko Yaya ya gani, ko ya ji daɗi.

Na ce mata bai gani ba tukuna, idonsa a ɗaure yake, kuma gara haka.

Na jero kwalaben a tire na kawo ina tafiya kamar mai rakiyar gawa. Dattawa suka ga farare, aka fara kallon juna. Kawu bai san komai ba, ya karkato kunne wajena yana jiran tari. Ni kuwa ban san wanne zan yi ba, sai na yi duka. Na yi tari, na ja majina, na ce wa wani tsoho ya matsa alhali yana jikin bango, na rufe da ajiyar zuciya. Wani ya ce in fita kada in sa musu abin da ya kwantar da mai gida.

Bazazzagin ya ɗebi cokali na farko. Ya dubi kwalaben, ya dube ni, ya dubi Kawu. Na ce shi ke nan, yau ranarsa ce. Sai ya juya cokalin ya sa a nasa bakin.

Ya ce, “Shekara da shekaru ina ciyar da Bakano da hannuna kamar jariri. Bana na gaji. Ni zan sha. Ƙyallenka ma an kwance, duk an ɗaura musu farare. In da gaske ka san su, ka gane su daga bakina.”

Kawu ya juya kunne wajensa. Sannan ya ce, “Bakin Bazazzagi? To Allah ya sa zumar ta yafe mana. Faɗi abin da ka ji, kada ka ƙara gishiri.”

Tsohon ya lumshe ido. Ya ce wannan ba ta da nauyi sosai, tana narkewa tun kafin ka gaishe ta, akwai ƙamshin fure yana hawa hanci, a ƙarshe kuma wani sanyi-sanyi a maƙogwaro kamar ka sha iska bayan yayyafi. Kawu ya tambaya ko tana da tsaki-tsaki a harshe. Ya ce babu, sumul take. Kawu ya ce shekarar ruwa ce, a mayar mata da janta. Dattawan suka karɓi cokula suka ɗanɗana, suka yi ta gyaɗa kai, don su ma sun sha ta ba sau ɗaya ba.

Ta biyu ya ce tana riƙe cokali kamar ba ta son rabuwa da shi, ta cika baki, mai jiki ce, zaƙinta a dunƙule, can ƙarshe ɗan ɗaci ya leƙo ya koma. Kawu bai bari ya rufe baki ba ya ce ta fari ce, ƙudan sun wahala a shekarar, abin da suka samu kaɗan ne amma babu wasa a ciki. Ta uku aka yi rigima. Bazazzagin ya ce yana jin hayaƙi, Kawu ya ce ƙarya ne, sai dai in gemunsa ne ya ƙone. Tsohon ya sake lasa ya rantse. Kawu ya yi dariya ya ce to ta shekarar birai ce, mai amyar ya cika wa ƙudan hayaƙi don yana sauri. Sabuwar kuwa, da aka ce tana da kaifi, ba ta zauna ba tukuna, Kawu ya ce yarinya ce, a ba ta shekara biyu ta yi hankali.

Ni ina gefe an aike ni igiya na kwaso tsummokara, ina ɗaura wa kowace nata. Tarina ya warke.

Da aka zo wata kwalba, tsohon ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa. Sannan ya ce ita wannan ta daina zama fara, ta koma kalar hauren giwa. Zaƙin ya kwanta, ba ya ihu. Akwai wani abu kamar man shanu da aka soya, kamar gyaɗa da ta ji wuta daidai, kuma ka haɗiye ta tun ɗazu amma tana nan ba ta tafi ba.

Kawu ya ce a hankali, “Murfinta a tsage yake ta gefe?”

Kafin kowa ya duba, muryar Gwaggo ta fito daga bayan labule. Ta ce ita ce, Yaya, mai shuɗin. Ita kaɗai ta riƙe kamannin kwalbarta, don atamfar ita ta aiko wa marigayiya da ita tun da daɗewa, ta gane ta tana kwancewa.

Kawu ya cire shimag ɗin da kansa, ya karɓi shuɗin ƙyallen, wanda yanzu ya fi shekarunsa haske, ya ɗaura. Sai ya ce wa Gwaggo ta bar fararen ma, a ɗaura su a ƙasan na da, albarka ba ta yin yawa. Daga nan aka koma cin tamis da zuma ba doka, aka kawo gahawar da aka hana mutane tun safe.

Da aka watse na raka Bazazzagin bakin titi. Na ce masa Baba, yau ka bar nasara a hannu. Ya ce wace nasara. Wai ranar da ya kai wa Kawu shayi yana jinya, ya zuba masa gishiri cokali cike, wasan da suka saba, yana jiran a zage shi har kakansa. Kawu ya shanye ya ce a ƙara. Tun ranar ya sani. Ya ce kuma in sake yin irin tarin nan a gabansa, sai ya kai ni asibiti da kansa a yi mini allura.

Bakin Kawu ya dawo daga baya, kaɗan-kaɗan, ya fara da gane cewa dabinona har yanzu takalmin roba ne. Amma zaman bai koma yadda yake ba. Har yau Bazazzagin ne ke sha yana faɗa, Kawu yana kiran shekara ido a ɗaure, suna musu a kan kowane cokali. Kabad ɗin kuwa an sa masa kwaɗo, don Gwaggo ta ce tana nan dawowa da azumi.