Zuwa Gonar Kawu Kafin Ya Ƙyasta Ashana

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'ar da ta wuce muka kama hanya daga unguwar Old Airport da ke Doha, ni da wani abokina direba, mutumin Gusau, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Larabci ya zauna masa a baki. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba, jama'a. Wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, muka nufa, can wata gona a arewacin Qatar inda ya fara aiki wata huɗu da suka wuce, kuma burinmu mu isa kafin ya ƙyasta ashana.

Ga yadda abin ya faro. Ranar Alhamis da yamma Kawu ya turo mini saƙon murya cikin nishaɗi. Wai kafil ɗinsa, wato mai gonar da ya ɗauko shi aiki, ya ce a share bayan gona kafin Asabar domin zai kawo baƙi. Shi kuwa ya kwashe kwana uku yana tara busassun rassan dabino da ciyayi da matattun itatuwan tumatir, ya yi tuli guda. Gobe da hantsi, kafin iska ta tashi, zai cinna masa wuta kamar yadda ake sharar gona a gida, ya samu toka ya zuba a fangalin kayan miya.

Ina jin saƙon nan na san akwai matsala. Aikin gadi nake yi a wani dogon bene a West Bay, kuma lokaci zuwa lokaci sai an tara mu horon gobara. A nan ba a ƙona shara a fili, ko a gari ko a gona. Masu zuwa shaƙatawa a sahara ma ba a yarda su hura wuta a kan ƙasa kai tsaye ba. Ɗan ƙasa ya yi, tara ce. Baƙo irinmu ya yi, musamman idan wutar ta taɓa dukiyar wani, sai dai ya haɗa kayansa. Kawu kuwa ya haura hamsin, da ƙyar aka samar masa wannan aikin, kuma gida guda ke kallon hannunsa. Na kira shi na fara bayani, sai ya fashe da dariya.

"Kai ɗan nan, tun kana goye nake ƙona gona. Yau kai ne za ka koya mini wuta?"

Kafin in sake magana layi ya katse, kuma duk kiran da na yi bayan nan bai shiga ba. Shi ya sa na je na roƙi abokina ya ba ni aron ranar hutunsa da motarsa.

Safiyar Juma'a Doha barci take yi. Titunan da kullum sai ka yi addu'a kafin ka sauya layi, ranar fayau suke, daga masu shara cikin rigunansu masu ƙyalli sai motocin kai burodi. Muka miƙe babban titin arewa, dogayen benaye suka koma bayanmu, ƙasa ta baje, fara, ba tudu ba kwari, sai turakun lantarki da tankokin ruwa masu kai wa gonaki. Titin kuwa sumul, ko ramin da kaza za ta sha ruwa babu. Abokina ya ce shi abin da ke damunsa da titunan nan ke nan, ba sa hana mutum gyangyaɗi.

Da wannan hujjar ya ratse gidan mai ya ce sai ya sha karak. Karak shayin madara ne mai kauri da ƙamshi, riyal ɗaya kofi, kuma duk direban da ke ƙasar nan ya fi yarda da shi a kan man mota. Ya ƙara da fanken Indiyawa mai ƙwai a ciki, yana ci yana lumshe ido, ni ko ina duba agogo ina tsaki. Ya dube ni ya ce in kwantar da hankali, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ban yi dariya ba. Na shiga kantin wurin na sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara, ja, irin ta mota, na rungumo ta muka ci gaba.

Matsala ta fara ne da muka sauka daga kwalta. A cikin Doha kowane gida da shuɗin allonsa mai lambar unguwa da ta titi da ta gini. Kwatancen da Kawu ya taɓa ba ni kuwa shi ne, "Idan ka wuce garken raƙuma, ka karya dama wajen wata bishiya." Mun ga garkunan raƙuma har huɗu. Kowace gona katanga iri ɗaya, ƙofar ƙarfe iri ɗaya, kan dabino na leƙowa. Muka shiga wata hanya ta kai mu ga tantunan masu hutun sanyi, ana ta naɗe su domin zafi ya fara ƙaratowa. Na lura kowane tanti da jar tukunyarsa rataye a bakin ƙofa, murhun gashinsu kuma na ƙarfe ne mai ƙafafu, nesa da ƙasa. Muka juyo, muka sake ɓata. Duk wannan lokaci idona na sama ina neman hayaƙi, ina addu'ar kada in gan shi. Sai da muka yi kusan minti arba'in muna bulayi kafin wani makiyayi ɗan Sudan mai farin rawani ya gane wanda muke nufi. Ya ce, "Nijeri? Mai yawan gaisuwa?" ya nuna mana ƙofa.

Muka tarar da Kawu tsaye a bayan gona, hula a keya, manjagara a hannu. Tulin ya fi ni tsayi. Bai kunna ba tukuna, wai yana jira raɓa ta gama bushewa. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwar gida ta tsawon lokaci, ya tambayi kowa har da mutanen da ni kaina na manta da su, alhali zuciyata na kan aljihun rigarsa inda kwalin ashana ya turo.

A nan zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Na taho da shirin in tarar da ganganci, sai na tarar da aiki. Kawu ya share ƙasa ƙal kewaye da tulin, faɗin taku biyar, ko tsinke babu. Ya cika durom biyu da ruwa ya ajiye a gefen da iska ke nufa. Ya sare ɗanyun rassa ya jingine, na bugun wuta idan ta yi tsalle. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya sheƙe ta a iska, ya nuna mini inda hayaƙi zai bi. Duk abin da aka koya mana da majigi a ɗaki mai sanyi, mutumin nan ya yi shi da fartanya. Kunya ta kama ni, na ɓoye 'yar tukunyata a bayana.

Na kawo maganar doka, ya ce doka ta masu sakaci ce. Na kawo maganar tara, ya ce wa zai gani a wannan jejin. Sai na tambaye shi abin da ya zo mini a rai kawai.

"Kawu, a gida idan wuta ta ƙwace muku, me kuke yi?"

"Ihu mana. Kafin ka rufe baki gari ya fito, mai bokiti, mai ganye."

"To a nan idan kun yi ihu, wa zai fito?"

Ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama. Su biyu ne a gonar, kuma abokin aikinsa, wani ɗan Bangladesh, ya tafi gari tun jiya da motar gonar. Bayan tulin kaɗan ga rumfar da aka jibge busasshiyar ciyawar tumaki har rufi, kusa da ita ga ɗakin kwanansu na katako. Famfon rijiyar da lantarki yake aiki, wayarsa kuma ta bi ta jikin katangar da ke dab da tulin. Abokina ya sa baki cikin ladabi.

"Baba, mu da muka san ku, muka taho takanas dominku, sai da muka yi minti arba'in muna neman ƙofar nan. Ina ga 'yan kwana-kwana?"

Kawu ya sake duƙawa ya ɗebi ƙasa ya sheƙe. Wannan karon ba ta bi inda ta bi ɗazu ba, ta karkata wajen rumfar ciyawa. Iskar arewa ce da suke kira shamal ta fara motsi, kuma ba ta da alƙawari irin iskar da ya sani. Ya daɗe yana kallon ƙasar nan. Sannan ya kaɗe hannunsa ya ce, "To, ai sai ku tuɓe riguna. Tunda kun hana wuta aikinta, ku za ku yi shi."

Wallahi mun yi shi. Rassan dabino ƙaya gare su kamar allura, kuma ba sa tausayin hannun mai gadi da ya saba da riƙe rediyo. Muka riƙa jan su muna jerawa a bakin ƙofa inda mota za ta iya kwasa. Ciyayi da ganye kuwa Kawu ya ce a haƙa rami a zuba, a bi da kashin tumaki, a yayyafa ruwa a rufe, wata uku ya zama taki. Muka tsaya muka je Juma'a a wani ƙaramin masallaci da ke tsakiyar gonakin, sahu huɗu kacal amma kamar an tara duniya, 'yan Sudan da 'yan Pakistan da 'yan Nepal da suka musulunta da mu. Bayan sallah wani ya jawo mu kan faranti guda na shinkafa da kaza mai lemon tsami busasshe a ciki, ba wanda ya tambayi sunan wani. Abokina ya ci kamar shi ya fi kowa aiki, alhali rabin lokacin waya yake amsawa a inuwa.

La'asar ta yi ba mu gama ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na tulin na nan. Sai ga farar jif ta shigo. Kafil ne, dattijo mai furfura a gemu, ya zo duba wuri kafin baƙinsa. Ya kalli ragowar tulin, ya kalli tarin rassa a ƙofarsa, ya kalli baƙin fuskoki biyu, ya haɗe rai. Na ce a raina mun tsere wa wuta mun faɗa wani abin. Abokina ya fara zagaye-zagaye da Larabci yana neman gyara zance, sai Kawu ya tare shi.

"Gaya masa gaskiya. Ka ce da ƙonawa zan yi, ɗana ya zo ya hana ni. Laifin jinkiri nawa ne."

Da aka fassara, fuskar mutumin ta sauya. Ya ce "La, la, la," yana girgiza kai, ya taka zuwa bayan gona muna biye. Ya tsaya a kan filin da Kawu ya share, ya dubi durom biyun, ya dubi rumfar ciyawarsa, ya yi ta auna tazarar da ido. Ya ce shekarun baya rumfar wani maƙwabcinsa ta ƙone ƙurmus da tumaki a ciki, daga guntun garwashi. Sannan ya nuna sharar nan ya tambaya wa ya koya wa Kawu. Kawu ya ce mahaifinsa. Mutumin ya gyaɗa kai, ya ce gobe da safe zai turo mota ta kwashe rassan, kuma yana so Kawu ya yi irin wannan sharar kewaye da rumfar ciyawa da ɗakin kwana da wajen injin famfo, a riƙa sabunta ta. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Kafin mu tafi na rataye tukunyar a bakin ɗakinsu, na nuna wa Kawu yadda ake zare fil a nufi gindin wuta. Na adana masa taswirar wurin a waya yadda zai tura da dannawa ɗaya, muka gano cewa sai an hau kan tankin ruwa layi yake kamawa sosai. Na sa ya maimaita lambar gaggawa, tara sau uku, abokina kuma ya koya masa kalmar gobara da Larabci har ta zauna. Da ya rako mu mota ya rage murya ya ce mini ba don toka kaɗai ya so kunnawa ba. Yanzu haka a gida ana sharar gona, ko'ina ƙamshin hayaƙi, shi ne ya yi marmari. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallon fuskarsa.

Mun shigo Doha ana kiran magariba, hannuwana duk tsaga, bayana kamar ba nawa ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutanenmu da ke cikin gonakin can ba sanin wuta suka rasa ba, wasunsu sun fi masu koya mana. Abin da suka baro a gida shi ne jama'ar da ke fitowa idan an yi ihu, kuma dokar hana ƙone-ƙonen nan ta san da wannan rashin. Duk mai ɗan'uwa a can, ya daure ya je ya ga wurin da idonsa, ya san ƙofar, ya san inda layi ke kamawa, tun ba a shiga uku ba.

Ina cire takalmi a bakin ɗaki wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Na ɗauka da sauri, ina jin iska na kaɗawa ta cikin wayar.

"Lafiya, Kawu?"

"Lafiya lau. Ina kan tanki ne. Gwadawa nake in ga ko za ka ɗauka."

"Ga shi na ɗauka."

"To madalla," in ji shi. "Ashe ina da maƙwabci."