Zakin Bayan Birmingham

Har yau in na ga kyamarar nan a kan durowa sai raina ya ɓaci. Maigidana ya saye ta ne a shekarar da hukumar gari ta rufe cibiyar matasan da yake wa aiki a unguwar Longsight, nan Ingila. Wani in ya rasa aiki sai ya bazama neman wani, amma nawa mijin sai ya koma ɗaukar hoton tantabaru a bakin titi. Ni kuwa ina zagaya gidajen tsofaffi a unguwar Levenshulme, in yi wa wannan wanka, in ba wancan magani, duk a guje, don an datse lokacin kowane tsoho har ba ka da sukunin tambayarsa yadda ya kwana.

A shekarar ce Baba ya rasu a Bauchi. Fasfo ɗina na hannun hukuma ana sabunta mini izinin zama, ba halin tafiya. A waya na halarci jana'izar ubana, ina tsaye a kicin. Inna ba ta ce komai ba sai, "Allah ya kawo ki ranar da ya so." Na ɗauka ta fahimta.

Da lokacin zafi ya zo sai aka daɗe ba ruwa, ciyawar ƙasar nan duk ta bushe ta yi ja. Maigida ya ce mu je wani gandun namun daji da ke bayan Birmingham, wai ko zan ɗan manta da baƙin ciki. Da motarka kake shiga, gilashi a rufe, namun suna yawo kana bi ta tsakiyarsu. Da muka isa wajen zakoki ya taka birki, ya goge gilashin gefena da hannun riga, ya zauna jira. Motocin baya suna ƙosawa, ko a jikinsa. Can sai wani ƙaton namiji ya taso ya iso dab da ƙofata, har ina ganin ƙudajen da ke gefen idonsa.

"Kar ki motsa," in ji shi. "Ɗan karkato da kanki. Yauwa!"

Ba zan yi ƙarya ba, hoton ya yi kyau. Ga ni da ɗaurin atamfa, ga fuskar zaki a kafaɗata, ga busasshiyar ciyawa a baya. Ya san yadda ya yi ya kauce wa shingen ƙarfe da jerin motoci, ko ɗaya bai fito ba. Bai tambaye ni ba ya sa a intanet.

Daga nan Inna ta daina ɗaukar wayata. In na kira ƙanena ya ce tana barci, ko ta tafi coci. Da na matsa masa sai ya fashe.

"Yaya, ai kin san abin da kika yi. Duk unguwa an ga hoton. Kin zo har Yankari kallon zaki, nan kusa da gida, amma ba ki iya leƙo Inna ba, balle kabarin Baba."

Na rantse, na yi kuka, na ce a Ingila ne. Ya ce Ingilar da kullum nake kukan ruwa da sanyi ce za ta yi irin wannan ciyawa? Gani ya kori ji, in ji shi. Ban taɓa jin haushin mutane irin na ranar ba. Matan da ko gaisuwar rasuwa ba su yi mini ba, su ne suka bi layi zuwa ɗakin Inna da waya a hannu suna nuna mata 'yarta. Ni da nake goge kashin iyayen wasu don ba a bar ni na je na ga tawa ba, ni ce yau mara mutunci.

Da na gaya wa maigida, sai bawan Allah ya yi murmushi. "Kin gani? Har sun ɗauka real safari ne, a dajin Afirka." Allah ne ya taimaki kyamarar nan ba ta sha bango ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu shi ya ja, ni aka doka.

Na ajiye aikin Asabar, na tisa shi a gaba muka koma. Lokacin ruwa ya dawo, ko'ina laka. Zakin yana kwance a wata rumfar katako, jiƙe sharkaf, ya ba mu baya. Na sa rigar sanyi mafi muni da nake da ita, na ce ya ɗauka da shingen, da allon gargaɗi, da motar bayanmu cike da 'ya'yan Turawa.

"Haba, wannan ai ba hoto ba ne. Light ɗin ma ba kyau."

"Baban yara, ka danna abin nan tun muna shaida juna."

Ya danna. Na tura wa ƙanena, na ce ya kai mata da hannunsa.

Washegari ina tsaye ina jiran bas tsakanin gidan wata tsohuwa da na wani tsoho, sai ga kiran Inna. Na shirya maganganu cike da baki, na waɗanda suka kai mata gulma da nata na yarda da su.

"Ashe da gaske can kike," in ji ta.

"Ina nan, Inna. Ina zan je?"

Ta ce, "To, bari in ce wa ƙanenki ya mayar da buhunan masara ɗakinki. Tun ranar da aka nuna mini hoton na sa aka kwashe su, nake share shi ina shimfiɗa zanin gado, ko za ki biyo kafin ki koma."

Bas ɗin ta zo ta wuce ban shiga ba.