Anini Mai Kwakwa

A gidanmu ba a ce wa maɓallin rigar soja maɓalli, anini ake ce masa. Namu guda ɗaya ne, na tagulla, yana cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa a ƙarƙashin katifar mahaifina. A fuskarsa akwai bishiyar kwakwa a kan ɗan tudu. Shi kaɗai kakana ya bari a duniya. Daga rigarsa ya tsinke ranar da ya zo sallama, kakata ta tsince shi a tsakar gida bayan ya fita, lokacin mahaifina yana goye. A jirgin ruwa aka kwashe shi da sauran sojoji aka yi gabas, zamanin yaƙin duniya na biyu. Cikin waɗanda suka dawo wani ya ce ƙasar Bama aka kai shi, wani ya ce ƙasar Larabawa. Babu wanda ya ce ya ga kabarinsa.

Sunan kakan nawa aka sa mini, shi ya sa mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce mini. Ranar da zan taho Doha aikin gadi, ya riƙe hannuna a zaure ya ce, "Babana, ka riƙa dubawa. Ƙasar Larabawa ce." Na ce to, amma a raina dariya na yi. Tsoho ya ɗauka ƙasar Larabawa kasuwar ƙauyenmu ce, da za ka zaga ta kafin azahar.

Shekarata ta uku a Doha annobar korona ta zo. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, kullum muna kallon juna kamar awaki a turke. Babbanmu wani direba ne ɗan Zangon Kumasi, mai furfura a gemu da bakin tsokana. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature da ke zaune a benen da nake gadi a unguwar Al Mirqab. Baturen nan ba shi da abin sha'awa sai yawo a rairayi da na'urar gano ƙarfe, wata sanda mai faifai a ƙasa, wadda ke kuka idan ta bi ta kan ƙarfen da ke binne. Da cuta ta tsananta ya koma ƙasarsu, ya bar wa direban na'urar, da kuma abin da ya koya masa na sanin tsofaffin aninai.

Da aka ɗan sassauta dokar kulle, wata safiyar Juma'a direban ya tashe ni. "Yalla, tashi mu je ka sha iska, kafin ka ruɓe." Muka nufi bakin teku, arewa da gari. Mun fi awa biyu muna tono murfin lemo da turakun tanti. Har na fara masa mita, sai na'urar ta sake kuka kusa da wani dutse. Na tona da hannu. Abin ya fito dunƙule da gishiri da yashi, na murza shi da babban yatsa, sai ga ganyen bishiya.

Na zauna a wurin. Tsoro na ji, ba murna ba. Ji na yi kamar an daɗe ana jirana a bakin ruwan nan, ni kuwa ina can ina buɗe wa mutane ƙofa.

"Kar ka murza da ƙarfi," in ji direban. "Mu kai gida mu jiƙa shi tukuna, sannan mu san ko wane ne."

Ban saurare shi ba. Ni dama haka nake, in abu ya shiga kaina sai na aikata nake tunani. Kafin mu koma mota na kira gida. Mahaifina yana kwance a lokacin, tari ya hana shi sakat, ƙanwata ce ta kara masa wayar.

"Baba, na samu anini a cikin ƙasa. Irin naka ne, mai kwakwa."

 Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe nan ya kwanta." Sai ya shiga tambaya. Akwai inuwa a wurin? Mutane suna takawa? Ruwa yana kaiwa nan? Na amsa masa duka, ina kuka kamar ba namiji ba.

Kwana biyu aninin yana jiƙe a kofin shayi. Ran na uku direban ya wanke shi da tsohon burushin haƙori, ya aza a tafin hannu ya ɗan jijjiga, sannan ya kife shi.

"Ɗan'uwa, ba a tambayar anini shekarunsa a fuska," ya ce. "Baya ake dubawa."

Ya nuna mini. Na zamanin yaƙin tagulla ne, yana da nauyi, kuma idan ya daɗe a ƙasa mai gishiri kore yake yi. Kunnen da ake sa zare a bayansa liƙa shi ake yi da wuta, sau da yawa da sunan maƙeran a kewaye. Wannan kuwa sakayau yake kamar murfin kwalba, babu ko ɗigon kore, ruwan gwal ne kawai aka shafa wa farin ƙarfe. Sai da yaƙi ya daɗe da ƙarewa aka fara yin irinsa, don a hutar da sojoji gogewa. Sannan ya juyo fuskar ya kai ta kusa da taga. Abin da na ɗauka tudu ne, takubba biyu ne a gicciye. A wuyan bishiyar kuma ga nonna nan suna reto.

"Kai Bahaushe," ya ce yana dariya, "dabinon da kake buɗa baki da shi kowane azumi ne ka ce wa kwakwa? Na wani sojan ƙasashen nan ne. Ƙila ma yana raye, yana shan gahawa. Khalas, shi ke nan."

Na fizge abina. Kwana biyu ban yi masa magana ba, alhali ba shi ya yi mini laifi ba.

Na yi niyyar gaya wa mahaifina, Allah ya sani. Amma duk kiran da na yi sai in tarar ya ƙara gaba. Ya sa an yi saukar Alƙur'ani a zaure. Ya sa an raba waina. Ƙanwata ta ce ya fara cin abinci, har yana zama a ƙofar gida yana gaya wa masu wucewa cewa an ga inda ubansa yake. Mutumin da ya kusa shekara tamanin yana maraya, sai yanzu ya samu wurin da zai aika addu'arsa. Na ce bari ya ƙara jin sauƙi. Da damina ta tsaya ya rasu, jirage ba sa tashi, ta waya na ga an ɗauki makararsa.

Lokacin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa aka mayar da mu ƙofar filin wasa, aka ba kowa 'yar sandar binciken jiki. Kukanta ɗaya da na waccan na'urar. Mutane dubbai suna wucewa da waƙa da tutoci, ni kuwa duk maɓallin wandon da ya sa ta kuka sai gabana ya faɗi. A cikin makonnin nan wani maƙwabcinmu da ya zo kallo ya kawo mini ƙunshi daga ƙanwata. Gwangwanin ne. Ta ce wasiyyar Baba ce: a kai wa Babana, ya mayar wa mai shi.

Na miƙa wa direban. Ya auna shi a tafin hannu, ya kife, ya daɗe yana kallon kunnen da haruffan da suka goge. "Wannan shi ne," ya ce a hankali. "Na lokacin yaƙin ne." Wannan karon bai yi dariya ba.

Bayan an watse da gasar, shi ya kai ni wurin dutsen. Na haƙa rami iya tsawon hannuna, na sa aninin kakana, na rufe. Ba ni da wani wurin da zan kai shi, nan ne kaɗai mahaifina ya sani. Direban ya bi ta kai da na'urar, saboda sabo, ta kuwa yi kuka.

"Ka san wata rana wani zai tono shi," ya ce. "Zai duba bayansa, ya ce lallai wani sojanku ya mutu a nan."

Na ce na sani. Na ɗaga hannu na yi addu'a, ban san ko wa nake roƙa wa gafara ba, kakana ko kaina.

Mai dabinon yana nan cikin gwangwanin, a ƙarƙashin katifata a Najma. Na kasa yar da shi. Ban san daga rigar wa ya tsinke ba, kuma ban sani ba ko akwai gidan da har yau ake cewa yaro ya riƙa dubawa.