Matar da Aka Zana a Bangon Zaure

A Nasarawo na tashi, a ɗakin kakata da muke kira Maama. Bayan magariba, kafin garwashin murhu ya mutu, takan tara mu ta yi mana tatsuniya. Yawancinsu sun ɓace mini. Ɗaya ce ta biyo ni har tsufa.

Wai wata mata ce ɗanta na fari zai tafi fatauci. Kunyar ɗan fari ta hana ta raka shi ko bakin ƙofa, sunansa ma ba ta taɓa kira ba. A ranar, wani baƙo mai zane ya zana ta a bangon zaure, baki rufe, ido a ƙasa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ga mace! Ko gezau." Kafin ɗan ya dawo ta rasu. Ya dubi fuskar ya ce, "Ashe ko ranar ba ta damu ba." Ya fita abinsa.

"To ai gaskiyarsa," na ce.

"Ke, bakinki ya girme ki," in ji Maama. "Fuska ta mutane ce. Da ya dubi hannu, da ya ga hularsa ta yarinta a damƙe."

"Me ya hana ta faɗa masa?"

Maama sai ta tura itace cikin murhu.

Na raina matar nan ƙwarai. Ni ba a san ni da ɓoye magana ba, har 'yan dakon Kasuwar Gombe kaffa-kaffa suke da ni. Amma da na haifi nawa ɗan farin, yadda na ga ana yi haka na yi. "Wancan" nake ce masa. Ranar da aiki ya kai shi Legas, wanke-wankena na ci gaba da yi.

Kwanakin baya ya aiko mini da hotona da ya sa aka zana da fenti. Maƙwabtana a Tumfure suka yi ta cewa, "Hajiya, ga kamala!" Ni hannu na nema. Ashe mai zanen a kafaɗa ya tsaya. Fuskar nan kaɗai yaron yake da ita daga gare ni.

Sai da na wuce hamsin na shiga makarantar manya, amma ta yi mini rana. Na juya hoton, na rubuta sunan yaron a bayansa, harafi bayan harafi: Usmanu. Na ba direban motar Legas ya mayar masa.

Yau kwana tara. Ko salla zan yi, wayata tana gefen darduma.