Rao Benli da Kwanukan da Ba Su da Sarki

Yau kwana arba'in da tara da muka binne Rao Benli. Ni ne Kuang Shiyou, mai hura tanderu, kuma shekara hamsin da biyu muka yi muna aiki a gidan tangaran ɗaya a nan garin Jingdezhen na ƙasar Sin. Karatuna na shekara uku ne kacal, amma in ban rubuta labarinsa ba, ban ga mai rubutawa ba.

Kwanon tangaran yana bi ta hannuwa da yawa kafin ya zo wurina. Wani ya kwaɓa yumɓu, wani ya murza, wani ya kankare, wani ya zana kifi ko fure. Benli shi ne mai rubutun gindi. Zai kifa kwano a gwiwarsa, ya zagaya da'ira biyu da shuɗin tawada, ya rubuta kalma shida a tsakiya: an yi shi a zamanin sarki wane na babbar daular Ming. Daga nan a tsoma kwanon a ruwan ƙyalli, a kawo mini in gasa. Abin da wuta ta riƙe kuwa, wuƙa ma ba ta kankare shi.

Sunan zamanin sarki uku ya rubuta a Ming. Da huɗu ne, amma ɗaya wata guda kawai ya yi a kan gado. Benli ya kwana goma yana gwada sunan a kan takarda, ranar da hannunsa ya faɗa sai ga sanarwar rasuwa. Ya daɗe yana jin haushin wannan sarki.

"Mutum ko godiya babu," in ji shi. "Na koyi sunansa, ya tafi abinsa."

Benli gajere ne, mai son awara da barkono, kuma ba ya wanke yatsansa na tsakiya ya fita, kullum shuɗi. Ranar hutu ba ya zuwa kallon wasa. Sai ya ja ni bakin kogin Chang, inda tun kakanni ake zubar da fasassun kwanuka, har gaɓar kogin ta zama tudun tsingaro. Idan ruwa ya zaftare gefe, sai ka ga abin hawa-hawa. Zai tsuguna ya tona can ƙasa.

"Ga na daular Song, fari mai ɗan kore, siriri kamar ɓawon ƙwai. Sama kaɗan ga na Yuan, masu dawakan arewa. Dubi girman farantin, mutanen da ke cin rago da hannu ke nan. Ga namu a sama."

"To, sai me, Yaya Benli? Ni yunwa nake ji."

"Kai dai cikinka ne sarkinka. Duba nan. Kowane gidan sarauta, na ƙasansa mai nauyi ne, yumɓu tatacce, zane a natse. In ka hau sama sai ka ga an fara gaggawa, shuɗin ya koɗe, gindi da yashi. Sai tokar yaƙi. Sai kuma wani gidan ya fara da mai nauyi."

Malamai suna cewa Sama ce ke ba gida mulki, ita ce kuma ke karɓewa idan ya daina kula da talakawa. Benli bai taɓa musu ba. Ya ce dai kafin Sama ta karɓe, masu kwano sun riga sun gani.

Shekarar da labari ya zo cewa babban birni ya faɗi, yana da hamsin. 'Yan tawaye suka shiga, sarki ya rasu, mutanen Qing na arewa suka ƙetaro babbar ganuwa suka kori 'yan tawayen suka zauna. A kudu kuma 'ya'yan gidan Ming suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa shi ne sarki. Duk jirgin da ya tsaya a mashigi da sunan da yake kawowa.

A bazarar da ta biyo muna da kwano dubu uku a kan katakai, sun bushe, an gama zane, gindi kawai ake jira. Mu talatin da ɗaya ne a gidan, kowa da iyali, shinkafa ta kusa ƙarewa. Ba a gasa ba, ba a ci ba. Amma daga tanderu zuwa kasuwannin ƙasan kogi wata guda ne, kuma ba wanda ya san wa zai riƙe kasuwar a lokacin. Kwanon da ke ɗauke da sunan da ba daidai ba kwanon ɗan tawaye ne, kuma kowane ɗan kasuwa ya san gidan da ya gasa shi.

Maigida Feng, mai tanderun, ya same mu da hantsi muna shan shayi.

"Malam Rao, rubuta na sarkin da ya tashi a birnin Nanjing. Jinin Ming ne, kakanninmu sun ci abincinsu."

"In ya kai lokacin kaka a kan gado, maigida, ni zan cinye kwanon."

"To rubuta Qing."

"Masu jiragen Ming suna tafkin Poyang, a kan hanyarmu. Kai za a nutsar ko kwanukan?"

"To me za ka rubuta? Sunan uwarka?"

"Ita dai ba ta taɓa sa a yanke wa kowa kai ba."

Muka yi dariya, ban da Feng. Ya ce zuwa gobe yana son ganin rubutu.

Wunin ranar Benli ya zauna da kwano ɗaya a gwiwa, alƙalamin gashi a hannu, bai taɓa ba. Na san abin da ke cinsa. Kalma shidan nan su ne duk darajarsa. A garin nan an san hannunsa, dillali na juya kwano ya ce wannan na Rao ne. Na kawo masa taliya, ta huce a gefensa.

Da la'asar sai ya tsoma alƙalami, ya zagaya da'ira biyu, ya zana ɗan ganye guda a tsakiya. Ganyen tazargade, irin wanda ake ratayawa a ƙofa ranar bikin jiragen ruwa. Ya ɗauki na biyu.

Feng ya zo ya gani, ya riƙe baki.

"Ganye? Ai wannan ko matata za ta zana!"

"Za ta zana. Kira ta ta taya ni, dubu uku ne."

Kwana huɗu ya yi yana zana ganye. Masu rubutun wasu gidaje suka riƙa leƙowa suna tsokana. Suka sa masa suna Malam Ganye, suka ce tsoro ya shanye masa tawada. Wani tsoho da suka koyi aiki tare ya tofar da yawu a ƙofarmu, ya ce mai mantawa da sarkinsa zai manta da ubansa. Wannan ta shige shi. Na ga kunnuwansa sun yi ja, amma bai ɗaga kai ba.

Na gasa su da kyau, na rantse ban taɓa kula da wuta kamar wannan karon ba. Aka ɗaure su da ciyawa aka kai mashigi. Kafin a gama lodi sojojin Qing suka iso garin.

Babbansu mutumin lardin Shandong ne, da ganin takalminsa ka san bara sojan Ming ne. Ya bi layin kaya yana sa a kwance ɗauri, yana juya kwano ɗaya-ɗaya. Gidan da ke kusa da namu sun rubuta na Nanjing, ba su san ya riga ya faɗi ba. Aka farfasa kayansu a gabanmu, aka tafi da maigidan da mai rubutunsa, tsohon nan da ya tofar da yawu. Ba su dawo ba.

Babban sojan ya zo kan namu. Ya juya, ya sake juya wani.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ba ka iya rubutu ba ne?"

Na ji numfashin Benli. Shekara talatin da biyar ana yabon hannunsa.

"Ganye dai na iya, ranka ya daɗe."

Sojan ya yi dariya, ya kira shi baƙauye, ya zaɓi kwano shida ya ba na bayansa, ya wuce. Jirginmu ya tashi washegari, bayan wata biyu ya dawo da shinkafa.

Benli bai yi murna a fili ba. Ya riƙa kai wa matar tsohon nan shinkafa duk wata har ta rasu, bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Shekara takwas yana zana ganye. Bisa dokar Qing an aske mana gaban kai, mun saba da kitso a ƙeya, yaƙi ya yi nisa kudu. Wata safiya na shigo na tarar yana gwada kalmar Qing a takarda.

"A'a, Malam Ganye! An tuba ke nan?"

"Sun gyara madatsar ruwa, jiragen gishiri suna zuwa a kan lokaci. Waɗannan za su daɗe. Amma ban ce maka har abada ba."

Ya rubuta musu sunan sarki biyu. Hannunsa ya dawo kamar bai taɓa hutawa ba, har ya ce Qing ta fi Ming daɗin ja da alƙalami. Da ya kai saba'in yatsunsa suka fara rawa, ya ajiye aikin da kansa tun ba a ce masa ba. Sai ya zama kullum yana zaune kusa da tanderuna yana jin ɗumi, yana gaya mini wai wutata ta yi yawa. Bai taɓa sanin komai game da wuta ba. Ina kewar wannan surutun fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ya rasu da rana, bayan ya ci awararsa, yana jingine da tarin itace. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa guda tana aure a nesa, na damu da wa zai ɗauki akwatin gawa. Ranar jana'iza mutum takwas ake bukata. Sai ga 'ya'ya da jikokin mu talatin da ɗayan nan sun cika lungu, sun fi sittin, yawancinsu ba a ma haife su ba tukuna a waccan bazarar. Suka kaure da gardama a kan wa zai sa kafaɗa, har jikan Feng ya ture ɗan mai kwaɓa yumɓu. Dole aka yanke cewa a riƙa canji duk taku ɗari.

Hanyar tudu ba ta da nisa, amma sai da muka kai azahar saboda tsaye-tsaye. Ni dai ina baya da sandata, ina kuka ina dariya, kuma ban yi wa kowa faɗa ya yi sauri ba.