Malam Sidi, Wanda Ya Fara Da Ɓawon Albasa

Ina bakin aiki a asibiti ranar Talata wani direban motar Kontagora, ɗan ajinmu a da, ya leƙo ya ce, “Malam Sidi ya cika jiya da la'asar.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi benci na zauna.

Shi ya koya mana ilmin halittu a sakandare. Daga Salka na zo, Kambarci ne a bakina, Hausata da ƙyar, Turanci kuwa babu. Har na ɗaure kayana zan koma gona. Malam ya ji labari, ya kira ni ɗakin gwaji, ya ɓare albasa, ya sa ɓawonta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wanda shi kaɗai makarantar ke da shi.

“Me ka gani?”

“Ɗakuna, Malam, a jere.”

“To, ka ga ƙwayar halitta. Faɗa min da yarenku, ni ma in koya.”

Ban koma gona ba.

Daga nan ya riƙa hawa da mu mataki-mataki. Ya kai mu mahauta, muka taɓa tsoka, muka riƙe zuciyar rago da huhunsa, ya nuna mana yadda suke aiki tare har dabba ta tsaya da ƙafarta. Da damina ya kai mu fadamar hanyar Beri, muka ga garken shanu da balbelu da ciyawa da ruwa. Yakan ce, “Duk abin da kuka gani, ku tambaya me ya haɗu ya yi shi, shi kuma ɓangaren mene ne.”

Watan jiya na je duba shi. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ga ina kallonsu, ya yi murmushi.

“Ƙoda ce ta gaji, Audu, sauran suka bi ta. Ai na koya maka.”

Ya riƙe hannuna, ya tambayi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da garuruwansu. Ina da sauran tambayoyi da na so in yi masa, na bari sai ya samu sauƙi.

Allah Ya jiƙan Malam Sidi, Ya yafe masa, Ya sa ilmin da ya bayar ya bi shi kabari. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yansa, Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.